Faɗin Sani da Zurfin Sani a Tarbiyyar Mai Ƙirƙira: Darasi daga Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da takan taso wa duk ɗalibin da yake da burin ya ƙago wani sabon abu da zai amfani jama'a. Tambayar ita ce: wanne ya fi masa, ya duƙufa a kan fanni ɗaya har ya ƙware, ko kuwa ya ɗanɗani fannoni da dama domin idonsa ya buɗe? Hausawa sun yi magana ta kowane ɓangare. Masu goyon bayan ƙwarewa sukan ce taura biyu ba ta taunuwa. Masu goyon bayan yawan sani kuwa sukan kira wanda bai taɓa leƙa wani fage ba da sunan kifin rijiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mai ƙirƙira yana bukatar duka biyun, amma bisa wani tsari. Sai ya fara kafa gindinsa a sana'a ɗaya ko fanni ɗaya, sa'an nan matsalar da yake son warwarewa ta riƙa nuna masa sauran fannonin da zai nema. Za a duba wannan batu ta fuskar ƙasar Birnin Gwari da dajinta, domin a can ne daji da ma'adini da noma suka haɗu wuri guda, kuma kowannensu yana da darasin da zai bayar. Daga nan za a kawo misalin wani malami na Jihar Jigawa wanda ya daidaita abubuwan biyu, kana a ɗan leƙa ƙasashen waje domin kwatanci.

2.0 Ma'anar Ƙirƙira

Mai nazarin ƙirar kalma zai lura da kusancin da ke tsakanin kalmomin "ƙira" da "ƙera" da "ƙirƙira". Ƙira ita ce sana'ar sarrafa ƙarfe. Ƙirƙira kuwa ita ce samar da abin da babu shi a da. Wannan kusanci yana tuna wa mai karatu cewa a idon Bahaushe sabon abu ba ya saukowa daga sama. Daga wani abu da ake da shi ake ƙera shi, kamar yadda ake ƙera fartanya daga guntun ƙarfe.

Dokar Nijeriya ta 1970 mai kare haƙƙin masu ƙirƙira ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a yi wa abu rajista: ya zama sabo, ya zama ya fito daga ƙoƙarin tunanin mai shi, kuma ya zama ana iya sarrafa shi ko amfani da shi a wata masana'anta ko sana'a. Idan aka duba waɗannan sharuɗɗa za a ga sun ƙunshi amsar tambayar da aka fara da ita. Ba wanda zai san abu sabo ne sai wanda ya san abin da magabata suka riga suka yi a wannan fage, watau mai zurfin sani. Haka kuma ba wanda zai san abu zai yi amfani sai wanda ya san mutanen da za su yi aiki da shi, da kasuwarsu, da ƙasarsu, watau mai faɗin sani.

Abin da ake nufi da zurfin sani a nan shi ne mutum ya san fanni ɗaya har ya iya yin aikinsa da hannunsa, ya kuma gane kuskure tun kafin a nuna masa. Faɗin sani kuwa shi ne ya san isasshen abu daga wasu fannoni yadda zai iya yin tambaya mai ma'ana, ya kuma fahimci amsar da gwanayensu za su ba shi.

3.0 Ƙasar Birnin Gwari da Dajinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Masarauta ce mai tsohon tarihi, inda Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani suka daɗe suna zaune tare. Ƙasa ce ta noma, musamman masara da dawa da shinkafa, kuma ta fi ƙasar Kano da ta Katsina samun ruwan sama.

A cikinta ne Dajin Kamuku yake. An keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e a 1936, aka mai da shi wurin kare namun daji na jiha a 1985, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma ya haɗe da Dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Itatuwan da suka fi yawa a cikinsa sun haɗa da doka da baushe da taura da maje da ɗorawa da ƙirya. Ƙarƙashin ƙasa kuma akwai zinariya. An fara haƙar zinariya ta zamani a Nijeriya wajen 1913, ta bunƙasa a shekarun 1930, ta ja baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Birnin Gwari tana cikin wuraren da aka haƙa tun wancan zamani.

Daga shekarun 2010 wannan daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Ƙauyuka sun tashi, gonaki sun zama saura, makarantu da yawa sun rufe, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jiha ta sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta yi shekaru a rufe. Duk ƙasar da ta sha irin wannan wahala tana bukatar 'ya'yanta su nemo mata dabarun adana amfanin gona, da na sarrafa ma'adini ba tare da cuta ba, da na samun makamashi ba tare da an ƙarar da itatuwa ba. Don haka tambayar yadda za a tarbiyyantar da mai ƙirƙira ba gardamar ɗakin lacca ba ce kawai ga mutanen wannan yanki.

4.0 Ɗan Tama da Maƙeri

Narkar da tama tsohuwar sana'a ce a wannan ɓangare na Afirka. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono murahun narka tama a shekarun 1960, waɗanda aka ƙiyasta sun girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A gindin Dutsen Dala na Kano an sami alamun wannan aiki na wajen ƙarni na 7. A Samaru ta Zariya ma, masu binciken Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarƙashin J. E. G. Sutton sun tono tsofaffin murahu da kashin maƙera a shekarun 1970.

Idan aka tambayi mutum wane ne gwanin sana'a ɗaya, da wuya ya kawo wanda ya fi ɗan tama. Abu ɗaya yake fitarwa, watau dunƙulen ƙarfe. Amma a duba abin da sai ya sani kafin wannan dunƙule ya fito. Da farko sai ya san duwatsu, ya iya bambanta mai tama da marar tama ta launi da nauyi. Na biyu sai ya san itatuwa, domin ba kowane gawayi ne yake riƙe wuta ba. Gawayin ƙirya, wadda take cikin itatuwan irin dajin Kamuku, shi ne maƙera suka fi so saboda nauyinsa da daɗewarsa yana ci. Na uku sai ya san yumɓu, domin murhu da bututun da iska take bi dole su jure zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 ba su tsage ba. Na huɗu sai ya san iska. Idan ta yi kaɗan wuta ba za ta kai ba, idan kuma ta yi yawa ga gawayin da aka zuba, ƙarfen ba zai rabu da tama ba, ya bi kashin maƙera ya salwanta. Na biyar sai ya san lokaci, domin aikin rani ne, ya kuma iya tafiyar da mutanen da za su sare itace, su haƙo tama, su kwana suna zuga.

A jami'ar yau waɗannan abubuwa biyar sun rarrabu a sassa daban-daban: ilmin duwatsu, da na tsirrai, da na haɗa sinadarai, da na injiniya, da na gudanarwa. Ɗan tama bai san su da waɗannan sunaye ba, kuma bai zurfafa a kowannensu ba. Ya ɗebi abin da aikinsa yake bukata ne daga kowanne. Darasi na farko ke nan: ƙwarewa ta gaskiya tana tafe da nata faɗin, domin aikin da kansa yake tura mai shi neman sani.

Akwai darasi na biyu a ƙarshen wannan sana'a. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ƙarfen Turai ya yawaita, daga baya kuma ga tarkacen motoci da na layin dogo a araha. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya sana'ar tama ta mutu. Amma ƙira ba ta mutu ba. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano a shekarun 1970, ya same su suna ta aiki da ƙarfen tarkace. Da aka shigo da noman shanu Arewa daga ƙarshen shekarun 1920, maƙera suka koyi gyaran garmar shanu, daga baya suka riƙa ƙera ta da kansu. Abin da ya tsirar da maƙeri shi ne yana da ƙafa biyu: ya san halin ƙarfe a kan uwar maƙera, ya kuma san bukatar manomin da yake zuwa maƙerarsa kullum. Ɗan tama kuwa duk faɗin saninsa ya tsaya a cikin daji, bai kai ga kasuwar duniya da ta canja a bayan idonsa ba. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Wurin bugu kuwa yakan sāke da sākewar zamani.

5.0 Injin Niƙa da Dutsen Zinariya

Misali na biyu ya fito daga maƙwabtan Birnin Gwari, daga ƙasar da take da irin duwatsunta. Bayan 2008 farashin zinariya ya tashi ƙwarai a duniya, mutanen karkara da yawa suka koma haƙa. Zinariyar tana cikin dutse, sai an farfasa shi an mai da shi gari kafin a wanke a kama ta da zaiba. Daka dutse a turmi aiki ne mai wuya. Sai masu haƙa suka ga ai injin niƙan hatsi da ke cikin gari zai iya wannan aiki. Aka riƙa kawo dutse cikin ƙauye, ana niƙawa, ana shanya garin a tsakar gida, mata suna taimakawa a cikin kulle.

In an yi adalci, wannan dabara ce ta masu basira. Sun ɗauki na'urar wata sana'a sun kai ta wata, kuma haka yawancin ƙirƙira take farawa. Sun san dutse, sun san inji, aikin ya yi sauri, kuɗi ya shigo. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen wasu ramukan yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma niƙa shi a bushe yana mai da ita ƙura. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yara suke rarrafe, da kwanukan abinci, da hatsin da aka niƙa a inji ɗaya. Jikin ƙaramin yaro yana shan dalma fiye da na babba, kuma tana yi wa ƙwaƙwalwarsa lahanin da ba ya warkewa.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya kuma Bagega. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 irin wannan masifa ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ta yi iyaka da Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu a yankin Shikira.

Abin lura shi ne yadda aka shawo kan matsalar. Likita shi kaɗai bai isa ba, domin idan ya ba yaro maganin fitar da dalma daga jini, ya koma gidan da ƙurar take, cutar za ta dawo. Sai da masana ƙasa suka auna gidaje, aka kankare saman ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa. Sai da masana ma'adini suka nuna a riƙa niƙa da ruwa domin ƙura kada ta tashi, a kuma fitar da aikin bayan gari. Sai da sarakuna da malamai suka yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji. Ba wanda ya ce a ƙwace wa talaka hanyar abincinsa ya ci nasara, gyaran hanyar aka nema.

Wannan shi ne abin da Bahaushe yake nufi da ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai ƙirƙira ba a kan ko na'urarsa ta yi aiki kaɗai za a tambaye shi ba. Za a tambaye shi abin da ta bari a baya, da wanda ya shaƙa, da wanda ya sha. Ba a bukatar ya zama likita, amma ana bukatar ya san cewa akwai tambayar da sai likita zai amsa, ya kuma je ya yi ta tun da wuri.

6.0 Randa Cikin Randa

Misali na uku shi ne na wanda ya daidaita sanin biyu. Mohammed Bah Abba, wanda aka haifa a 1964 ya rasu a 2010, ya tashi a gidan maginan tukwane, ya koyi sarrafa yumɓu tun yana yaro. A makaranta ya karanta ilmin halittu da na haɗa sinadarai da na duwatsu. Daga baya ya yi karatun kasuwanci da gudanarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Ya kuma yi aikin raya karkara, wanda ya kai shi ƙauyuka ya ga halin da manoman lambu suke ciki.

Matsalar da ya gani ita ce kayan lambu suna ruɓewa cikin kwana biyu ko uku saboda zafi, ga shi babu lantarki balle firiji. Manomi dole ya sayar a ranar da ya tsinka, ko nawa aka taya. 'Yan mata kuma su ake ɗora wa tallar, su rasa makaranta. Dabarar da ya fito da ita mai sauƙi ce. A sami randa biyu marasa shafe, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan yakan tsattsafo ta jikin babbar randa ya bi iska, kuma duk ruwan da zai bi iska sai ya tafi da zafi. Ta haka cikin ƙaramar randa yake yin sanyi.

Ya yi gwaje-gwajensa tsakanin 1995 da 1997. Ya ga yalo yana kai kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai suna kai mako 3 ko fiye, alayyafo kuma da yake yanƙwanewa a yini ɗaya yana kai kwana 12. Da kuɗinsa ya sa magina suka gina randuna 5,000 na farko, ya raba a ƙauyukan Jigawa. Ya kuma shirya wasan kwaikwayo da aka ɗauka a bidiyo ana nunawa a ƙauyuka da dare. A 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex mai ɗauke da dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta sa wannan randa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara.

Ba Bah Abba ne ya gano cewa randa tana sanyaya ruwa ba. Kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta san haka, kuma mutanen Masar da na Indiya sun sani tun zamanin dā. Abin da ya yi shi ne ya haɗa sani huɗu da suke a rarrabe. Daga gida ya san yumɓu, da irin gashin da zai bar randa tana tsattsafo. Daga makaranta ya san dalilin sanyin, don haka ya san abin da zai ƙara shi. Daga karatun kasuwanci ya san cewa dabarar da ta fi ƙarfin aljihun talaka ba ta da amfani, kuma magina na gida su ya kamata su yi aikin. Daga yawon karkara ya san wanda matsalar take ci. Masanin kimiyyar da bai taɓa yumɓu ba zai iya rubuta bayanin sanyin, amma ba zai gina randar ba. Maginin da bai fita gida ba zai gina randar, amma ba zai yi tunanin sa wata cikin wata don yalo ba. Gindin Bah Abba yumɓu ne, sauran sanin rassa ne da suka tsiro a kansa.

Ko wanda zai kai wannan dabara Birnin Gwari sai ya yi irin wannan lura. Randar tana aiki ne idan iska busasshiya ce. A lokacin hunturu da bazara za ta yi sanyi sosai, amma da damina, sa'ad da iska ta cika da laima, ruwa ba ya saurin tashi, sanyin sai ya ragu. Tun da damina ta fi tsawo a Birnin Gwari a kan Dutse, mai kwaikwayo ba tare da sanin dalili ba zai ce dabarar ƙarya ce. Wanda ya san dalili kuwa zai san watannin da za ta yi masa amfani.

7.0 Kwatanci daga Ƙasashen Waje

Tarihin Turai da Amurka ya nuna wannan tsari. Johannes Gutenberg na birnin Mainz a Jamus, wanda ya fito da injin ɗab'i wajen 1450, gindinsa aikin ƙarfe ne irin na maƙeran fari. Da wannan sani ya iya zuba haruffa masu girma ɗaya. Sa'an nan ya aro matsewa daga masu matse inabi, ya nemi tawada mai mai wadda za ta kama ƙarfe. Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi jirgin sama a ran 17 ga Disamba 1903, masu gyara da ƙera kekuna ne. Daga keke suka san muhimmancin daidaita abin hawa da rage nauyinsa. Da suka ga saninsu bai isa ba, suka rubuta wa cibiyar Smithsonian a 1899 suna neman littattafai, suka kuma gina akwatin gwajin iska a 1901.

Thomas Edison ya nuna fuska biyu. Gindinsa aikin wayar tangaraho ne, kuma daga nan ya kai ga na'urar ɗaukar murya a 1877. Amma a shekarun 1890 ya zuba dukiya mai yawa a wata masana'antar niƙa dutse da tace tama da maganaɗisu a Jihar New Jersey. Injinan sun yi aiki, amma aka sami tama mai kyau da araha a Jihar Minnesota, masana'antar ta durƙushe. Abin da ya sami 'yan tama na ƙasar Hausa shi ya same shi: ya san inji, kasuwa ta juya masa baya.

8.0 Abin Lura ga Ɗalibi

Tsarin ilmin Nijeriya na 1977, wanda aka sani da 6-3-3-4 kuma aka fara aiki da shi a 1982, ya yi niyyar a faɗaɗa wa yaro sani a ƙaramar sakandare kafin ya zaɓi fanni a babba. Jami'o'i ma suna da darussan gama-gari da kowane ɗalibi yake ɗauka. Niyyar tana da kyau. Sai dai faɗin da aka samu don cin jarrabawa yakan zube da zarar an fito daga zaure. Wanda yake zama shi ne wanda aka nema don wata bukata. Daga misalan da suka gabata ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, ɗalibi ya riƙe fanni ɗaya har hannunsa ya faɗa. Alamar haka ita ce ya iya gane aikin da bai yi kyau ba, ko da nasa ne. Sana'ar gado ma gindi ce, bai kamata ɗan maƙeri ko ɗan magini ya ji kunyarta don ya shiga jami'a ba.

Ta biyu, ya zaɓi matsala ta zahiri wadda ya san masu fama da ita, kamar ƙwarin da ke cin masara a rumbu, ko yawan itacen da ake ƙonawa don gawayi. Matsalar ce za ta rubuta masa jerin abin da zai karanta.

Ta uku, kafin ya saki dabararsa ya yi tambayoyi uku: me za ta bari a jikin mutum da ƙasa, nawa za ta ci wa mai saye, kuma wa zai gyara ta in ta lalace? Kowace tambaya tana da gwaninta, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ta huɗu, ya san iyakar saninsa, ya nemi abokan aiki. Ilmin yau ya yi yawan da mutum ɗaya ba zai tattara shi ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Amfanin faɗin sani a nan shi ne ya ba shi harshen da zai yi magana da gwanayen wasu fannoni.

Ɗalibin Sashen Hausa yana da nasa rabo a wannan aiki. Sanin 'yan tama da maƙera da magina ba a rubuce yake ba, a cikin kalmominsu yake: sunayen ƙasa, da na itace, da na launin ƙarfe a wuta. Duk tsohon da ya rasu ba a ɗauki bayaninsa ba, ya tafi da wani abu da injiniyan gobe zai bukata. Har ila yau, kalma tana iya ceto ko ta ɓatar. Kalmar "dalma" a bakin jama'a ta haɗa ƙarfen nan mai guba da kuma farin ƙarfen da ake zuba tukwanen girki da shi. Wanda zai gargaɗi uwa a kan gubar dalma, alhali tana dafa tuwo a abin da take kira tukunyar dalma, dole ya san yadda zai rarrabe mata. Wannan aikin masanin harshe ne, amma sai masanin harshen da ya yarda ya zauna da likita da masanin ma'adini. Su kansu kalmomin nazari irin su "ƙirar kalma" da "ginin jimla" daga maƙera da magina aka aro su, kuma waɗanda suka ƙirƙiro su sun san nahawu sun kuma san sana'o'in mutanensu.

9.0 Kammalawa

An ga yadda ɗan tama ya tara sanin dutse da itace da yumɓu da iska don fitar da abu ɗaya, da yadda maƙeri ya tsira saboda ya haɗa sanin ƙarfe da sanin manomi. An ga yadda dabarar niƙa dutsen zinariya ta yi aiki amma ta ci rayukan yara, domin an rasa wanda zai yi tambayar da ta wuce inji. An kuma ga yadda Bah Abba ya tsaya a kan yumɓun gidansu ya miƙa hannu zuwa kimiyya da kasuwanci. Abin da ya fito fili shi ne zurfin sani ne yake ba mutum ikon yin abu, faɗin sani kuma yake nuna masa abin da ya cancanci a yi da abin da za a kiyaya. Gaskiya ne taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, amma ba a hana wanda ya gama tauna ɗaya ya ɗauki ta biyu ba. Matasan Birnin Gwari da za su gāji gonakinta da dajinta da ramukan zinariyarta suna bukatar malaman da za su koya musu wadda za su fara taunawa, da lokacin da za su miƙa hannu ga ta gaba.